Kafin Ku Sayi Shayin Rage Ƙiba, Ku Nemi Igiya

A wannan mako za mu taɓa wata magana wadda ba a cika kawo ta gaban dattawa ba, amma ana yin ta ƙasa-ƙasa a gindin itace bayan an tashi daga sujada, ana kuma yin ta a ɗakin amarya, wato maganar ƙiba da yadda za a rage ta.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Pauwa, wato Ƙanƙara da kewayenta, ya san yadda ake yabon mutum a wurinmu. In mace ta zo ganin gida bayan shekara guda da aure, abin da iyaye mata za su fara dubawa shi ne wuyanta da kumatunta. In ta ciko, sai a ce ta sami gida, maigidan yana riƙon ta da kyau. In ta faɗa, kafin ta sha ruwa an soma tambayar ko lafiya. Namiji kuma in ya ajiye tumbi sai a fara ce masa manya, ko da bashi ya yi masa katutu. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1990 kuwa ba su manta da yadda rama ta zama abin tsoro ba, sa'ad da ake kiran ƙanjamau kabari kusa, ana nuna ramammu da baki. Har yau akwai matar da likita zai ce mata ta rage nauyi saboda hawan jini, ta ƙi, ba don ba ta gane ba, sai domin gudun bakin mutane.

To, yanzu ga wata iska ta taso daga ɗaya gefen. Wayar hannu ta shigo mana da tallar shayin rage tumbi, da garin da ake damawa a sha maimakon abinci, da ɗamarar matse ciki, da ƙungiyoyin WhatsApp waɗanda sai an biya kuɗi ake shiga, a ba mutum jerin abin da zai ci na kwana 30. 'Ya'yanmu da ke karatu a Zariya da Kaduna da Katsina suna dawowa hutu da waɗannan maganganu, malaman makaranta da ma'aikata kuma suna ba da saƙo Funtuwa ko Kano a sayo musu. Abin da wata za ta kashe a kan kwalin shayi guda ya isa cefanen kwanaki. Shi ya sa muka ga ya kamata mu duba asalin abin nan, mu rarrabe abin da ke aiki a cikinsa da abin da ke cin kuɗi kawai.

Ba kowa ne zai rage ba

Amma tun da fari sai mu sassauta murya, gama a ƙasarmu ƙiba da yunwa maƙwabta ne. Babban binciken lafiya da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa a cikin mata 100 masu shekara 15 zuwa 49, guda 28 nauyinsu ya wuce kima, guda 12 kuma ramammu ne. Binciken ya kuma nuna yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a arewa maso yamma kuwa adadin ya kai 57. A watan Yuli na 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa yara 652 sun mutu saboda tamowa a wuraren jinyarta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Wanda zai yi mana wa'azin rage cin abinci lalle ya tuna da wannan.

Abin mamaki kuwa shi ne, sau da yawa masifa ɗaya ce ta haifi matsalolin biyu. Tun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukanmu, iyalai da yawa suka bar gonakinsu suka koma cikin Ƙanƙara, ko Funtuwa, ko Malumfashi. Wanda ya rasa kome, yunwa ce ta tarye shi. Wanda ya sami ɗan abin yi, ko ɗinki, ko tireda, ko haya da babur, sai ya wuni a zaune. Matar da a dā take tashi ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta kai abinci gona da ƙafa, ta dawo da itace a ka, yanzu injin niƙa yana bakin ƙofa, babur yana jira. Aikin ya ragu, malmalar tuwo ba ta ragu ba, ga kuma burodi da shayi mai sukari da safe, ga taliyar leda, ga lemon kwalba. Shekara biyu ko uku sai zane ya ƙi zagayowa, gwiwa ta soma ƙara, a je asibiti a ce jini ya hau.

Saboda haka aikin farko shi ne awo, ba saye ba. Ma'aikatan lafiya suna da lissafinsu: a ɗauki nauyin mutum a kilo, a raba da tsawonsa a mita, a sake rabawa da tsawon. Mace mai tsawon mita 1.60 da nauyin kilo 80 za ta sami 31. Abin da ya kasa 18.5 rama ce, daga 25 nauyi ya fara wuce kima, daga 30 kuwa ƙiba ce wadda ake ɗauka a matsayin ciwo. Wanda ba shi da sikeli, igiya ta ishe shi. Ku yanki igiya daidai tsawonku daga ƙasa zuwa tsakar ka, ku ninka ta biyu, ku zagaya cikinku da ita a wajen cibiya. In bakin ya haɗu ba tare da an matse ba, madalla. In bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, shi ne kuwa wanda ya fi jawo ciwon sukari da hawan jini. Wannan awo ba na mai juna biyu ba ne, ba kuma na ƙananan yara ba.

Inda ƙungiyoyin suka samo asali

Waɗannan ƙungiyoyi na rage ƙiba ba likitoci suka kafa su ba, matan gida ne. A 1961 wata matar aure a birnin Niyok na Amurka, mai suna Jean Nidetch, ta gamu da wata da ta sani a kanti, matar ta zaci ciki ne da ita, har ta tambaye ta yaushe za ta haihu. Nauyinta a lokacin kilo 97 ne. Ta tafi wani asibitin hukuma aka ba ta tsarin abinci, amma ta ga ita kaɗai ba za ta iya ba, gama tana cin biskit a ɓoye. Sai ta kira ƙawayenta shida zuwa ɗakinta, suka faɗa wa juna gaskiya, suka yi alkawarin haɗuwa kowane mako. Ba a daɗe ba ɗakin ya yi musu kaɗan. Ita kanta ta rage fiye da kilo 30, a 1963 kuma aka kafa kamfanin Weight Watchers. A Ingila ma haka, wata mace mai suna Margaret Miles-Bramwell ta fara taron Slimming World a 1969, a garin Alfreton, a ɗakin taro na wata majami'a. Ku lura da wannan, za mu komo kansa.

Shin taron yana aiki? A 2011 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani gwaji da aka yi a kan mutum 772 a Birtaniya da Jamus da Ostireliya. Aka tura rabinsu ƙungiyar Weight Watchers, rabi kuma aka bar su da shawarar likita kamar yadda aka saba. Bayan shekara guda 'yan ƙungiya sun rage kilo 5.1 a matsakaici, sauran kuwa kilo 2.3. Kamfanin ne ya ba da kuɗin gwajin, wannan ma ya kamata mai karatu ya sani. Duk da haka ku dubi adadin da kyau: kilo 5 a shekara guda, a hannun kamfanin da ya fi kowa suna a wannan sana'a. Sa'an nan ku gwada shi da mai talla a waya wanda ke alkawarin kilo 10 cikin mako biyu.

Kada kuwa a raina kilo 5. A 2002 aka bayyana sakamakon wani babban gwaji a Amurka, a kan mutum 3,234 waɗanda sukarinsu ya fara hawa amma ciwon bai kama su ba tukuna. Waɗanda aka sa wa burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, tare da motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon sukari ya ragu da kashi 58 cikin 100, abin da ya fi ƙarfin ƙwayar maganin da aka ba waɗansu. Ga mace mai kilo 80, kashi 7 bai kai kilo 6 ba. Ba sai ta koma kamar lokacin da take budurwa ba. Surukarta ma mai yiwuwa ba za ta lura ba, amma jini da gwiwa za su lura.

Wahalar ba a ragewa take ba, a riƙewa take. Wani nazari na 2001 da ya tattara bincike 29 ya nuna cewa cikin shekara 5 yawancin nauyin da mutane suka rage yakan dawo. Dalilin kuwa a jiki yake: da zarar nauyi ya sauka, yunwa takan ƙaru, jiki kuma ya rage ƙona abinci, kamar gidan da ya ga rumbu ya yi ƙasa ya soma tsimi. Muna faɗin wannan ne domin waɗansunmu suna da saurin hukunci, da sun ga mai jiki sai su ce haɗama ce ko rashin kamun kai. Akwai gado a ciki, akwai haihuwa, akwai waɗansu magunguna, akwai irin aikin da mutum yake yi. Ba'a a bakin majami'a ba ta taɓa rage wa kowa ko rabin kilo ba, sai dai ta sa ya daina zuwa.

Shayi, ƙwaya da allura

Yanzu sai mu zo kan kayan sayarwa. Yawancin shayin rage tumbi yana ɗauke da ganyen da ke sa gudawa, ɗan'uwan filaskon da kakanninmu suka sani, wani kuma yana sa yawan fitsari. Mutum ya kwana yana zarya bayan gida, da safe ya hau sikeli ya ga kilo guda ya tafi, ya yi murna. Ruwa ne ya fita, kitsen yana nan inda yake, da ya sha ruwa nauyin ya dawo. Wanda ya daɗe a kai kuwa hanjinsa yakan saba, har ya kasa bayan gida sai da shi.

Wannan ma mai sauƙi ne. A farkon shekarun 1990, a babban birnin Beljiyam, mata fiye da 100 da ke zuwa wani asibitin rage ƙiba suka sami ciwon ƙoda mai tsanani, domin an haɗa musu magani da wani tsiro mai dafi. Da yawa ƙodarsu ta mutu gaba ɗaya, waɗansu kuma daga baya suka kamu da ciwon daji. Har wa yau akwai wata ƙwaya mai suna sibutiramin, wadda aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 domin tana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma hukumomi sun sha gano ta a ɓoye cikin shayi da kofi waɗanda aka rubuta musu cewa ganye ne zalla. In kwali ba shi da lambar NAFDAC, kada ku kai shi baki. In ma yana da ita, lambar ba alkawari ba ce cewa tumbi zai tafi.

Kada kuma mu manta da namu na gida, wanda ake kira sha ka fashe. Amare da 'yan mata suna sayen deksametason da waɗansu ƙwayoyin buɗe ciki a kemis domin su ciko kafin biki. Fuska takan kumbura, a ce amarya ta yi kyau, alhali illar maganin ce, a bayansa kuma ga hawan jini, ga sukari, ga raunin ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke shi rana ɗaya, gama yankewar farat ɗaya ma haɗari ce, sai ta je asibiti a sauke ta a hankali. Mun san gidajen da uwa ke shan shayin ragewa, 'yarta kuma na shan ƙwayar ƙarawa, a tukunya ɗaya suke ci.

Akwai kuma sabuwar allura irin su Ozempic da Wegovy. Ita kam tana aiki: a gwajin da aka buga a 2021 masu amfani da ita sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu. Ta girgiza kasuwa har kamfanin Weight Watchers ya kai kansa kotu a Mayu 2025 yana neman a sassauta masa bashin fiye da dala biliyan ɗaya. Amma maganin likita ce, tana da tsada ƙwarai, waɗanda suka daina ta kuma kashi biyu cikin uku na nauyin ya dawo musu cikin shekara guda. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa jabunta ya shiga kasuwa. Ba abin saye ta waya ba ce.

Tsarin abinci da tukunyar gida

Game da jerin abincin da ake sayarwa, wanda ya fi tashe a birane shi ne na barin tuwo da shinkafa ɗungum a koma nama da ƙwai da mai, wanda ake kira kito. Ba sabon abu ba ne, wani Bature mai suna William Banting ya rubuta irinsa a Landan tun 1863, likita Robert Atkins kuma ya sake tayar da shi a 1972. A 2018 jami'ar Stanford ta gwada mutum 609, waɗansu suka rage hatsi, waɗansu suka rage mai, bayan shekara guda bambancin da ke tsakaninsu bai kai kilo ɗaya ba. Tsarin da ya fi kyau shi ne wanda mutum zai iya daɗewa a kansa. Uwargidan da ke tuƙa tuwon mutum goma a Sabuwa ba za ta ɗora wa kanta tukunya dabam ta nama da ƙwai kullum ba, in ma ta fara, aljihu zai tsayar da ita kafin wata ya mutu.

Abin da za ta iya yana cikin madafinta. Mai cin malmala biyu ya koma ɗaya da rabi, bayan wata guda ya koma ɗaya, ya cika gurbin da miyar kuka ko kuɓewa ko taushe, da kwaɗon zogale ko na rama. Dawa da gero waɗanda ba a surfe su ƙal ba sun fi riƙe ciki fiye da farar shinkafa da burodi. Wake abokin tafiya ne, amma alala ta fi ƙosai, domin ƙosai da awara da waina soso ne na mai. Mai kuwa, ko na gyaɗa ko manja, ya ninka hatsi fiye da sau biyu wajen sa ƙiba, saboda haka a riƙa auna shi da cokali, kada a tuttula daga kwalba. Daddawa ta rage mana yawan dunƙule da gishiri.

Sukari shi ne ɓarawon da ba a jin shigarsa. Ƙaramar kwalbar lemo tana ɗauke da kusan cokalin shayi 9 na sukari, babbar roba kuwa wajen 13, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce kimanin cokali 12 a yini, in ya tsaya a 6 ma ya fi. Ku haɗa da wanda ke cikin shayin safe, da zoɓo, da kunun zaƙi, da fura. A nan muna roƙon alfarma domin fastocinmu da masu bishara. Bawan Allah zai fita ziyara ya shiga gida shida, kowane gida a buɗe masa kwalba, kunya kuma ta hana shi ƙi. Ku ba shi ruwa mai sanyi da gyaɗa, ko gwaba, ko lemon ɓawo, in ya so kuɗin kwalbar ku sa a baiko. Maza masu tumbin giya kuma sun san kansu. Azumi kuwa na addu'a ne, ba tsarin rage ƙiba ba ne. Wanda ya wuni bai ci ba ya rama biyu da dare bai rage kome ba, mai shan maganin sukari kuma ya tambayi likita kafin ya ɗauka.

Abin da muke da shi tuntuni

Mun ce za mu komo kan ɗakin taron nan na Alfreton. In aka cire talla da kwalaye, abin da kamfanonin nan suke sayarwa abu uku ne: sikeli sau ɗaya a mako, da mutanen da za su tambaye ka in ba ka zo ba, da wurin da za ka faɗi gaskiya ba a yi maka dariya ba. Na biyu da na uku muna da su tun kafin a haifi waɗansunmu. Zumuntar Mata tana haɗuwa kowane mako, ga zumuntar maza, ga mawaƙa, ga adashe. Sikeli ne kaɗai babu, zubin adashe guda kuwa zai saye shi, wani zubin ya sayi na'urar awon jini.

In za a yi, a nemi ma'aikacin lafiya daga cikin ikkilisiya ya lura da abin, da wuya a rasa ko da guda. A yi awo da sikeli ɗaya, a kan daɓe mai ƙarfi, a lokaci ɗaya kowane mako. Mutum ɗaya mai riƙon asiri ya riƙe littafin, kada a karanta nauyin kowa a bainar jama'a, kada kuma a mai da shi gasa. Rabin kilo a mako ya isa, kada a wuce kilo ɗaya. Maza su ma su hau, gama su ne suka fi ɓuya har sai an kwashe su ranga-ranga. Motsa jiki minti 30 sau biyar a mako shi ne minti 150 ɗin nan da muka ambata. Ba za mu ce wa kowa ya bi hanyar daji da asuba ba, mun san halin da ake ciki. A zagaya filin majami'a, ko cikin gari, a rukuni, da rana tsaka ko da yamma kafin duhu. Wadda ta taɓa yin rawar zumunta ta awa guda da ganga da tulu ta san zufar da ake yi.

Sikelin nan kuma zai kama waɗanda suke sauka ba da sonsu ba. Wanda yake ramewa alhali bai rage ci ba, kada a taya shi murna, a raka shi asibiti, gama ciwon sukari da tarin fuka da ƙanjamau da ciwon daji duk da haka sukan fara. Mai juna biyu da mai goyo ba sa cikin masu ragewa, su ƙari suke bukata. A kuma roƙi ma'aikacin lafiyar ya zo da ɗan zaren nan mai launi uku na awon damtsen yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5. Yaron da damtsensa ya faɗa a ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko wanda ƙafafunsa biyu suka kumbura, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira taron mako mai zuwa.